Haƙorin da Ba Shi da Magaji

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Sa'adatu, mai sunan mahaifiyata, wadda saboda haka bakina bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangijin da ya kafa duwatsun da suka kewaye Mubi ya miƙar miki da hanyar Sorau, ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da na mutum, ya sa ki sauka a hannun mutanen kirki, ke da jikata Nusaiba.

Takarda, tafi inda harshena ya kasa,
Ki tono abin da na binne a ƙasa,
Ki ce wa Uwata tsoho ya san laifinsa,
Ba ya roƙon a rage masa nauyinsa.

Za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da naki. Sau uku tun ranar Lahadi nake zuwa ƙofarki da magana a bakina, sai in ga fuskar tsohuwa a fuskarki, sai in ɓige da tambayar ko kin gama ɗaure kaya. Yau Laraba. Ranar Asabar za ki tafi ki tarar da maigidanki, ki kuma karɓi ajin 'yan firamare ɗaya da aka ba ki. Maganar tawa kuwa ba za ta jira Asabar ba. Bari in faɗe ta tun yanzu, kada ki karanta cikin zullumi: akwai ɗigon baƙi a haƙorin Nusaiba na can ciki, ƙasa ta gefen hagu, kuma ni ne sanadi. Amma ki yi haƙuri ki biyo ni ta doguwar hanya, domin idan ba ki ga inda na riƙa yin tuntuɓe ba, ba za ki san inda za ki ɗaga ƙafa ba.

Kin san shagona a Nassarawo yana fuskantar ƙofar makaranta, kuma na haura shekara ashirin ina ɗinka wa yaran unguwa yunifom. Tun ranar da aka ce yara ƙanana za ki koyar, wata tambaya ta kama ni ta ƙi saki: me ya sa wani yaro yake tsaftace bakinsa ba a ce masa ba, wani kuma ko an bi shi da tsumagiya ba ya yi? Sai na shiga tambayar su ina auna su. Yaro idan ya shanya hannuwa ana auna masa ƙirji, gaskiya yake faɗi, ban san dalili ba.

Na ce wa wani, "Kai, malam, yau ka goge baki?"

Ya ce, "Buroshi ɗaya ne mu huɗu, Baba Tela. In na jira Yaya ya gama, sai a rufe get."

Wata yarinya ta ce man goge baki ya ƙare a gidansu tun kafin hutu. Na ce mata to aswaki fa? Ta dube ni kamar na ce ta ɗaura rawani, ta ce, "Aswaki ai na tsofaffi ne." Wani kuma ɗan gidan wadata, buroshinsa mai hoton mota, amma turamensa, ina nufin manyan haƙoran tauna na baya, duk sun yi ramuka. Kullum da kuɗin tara a aljihunsa, kuma mai teburin cingam da minti ya fi malamin aji sanin sunansa. Sannan wani makiyayi daga wajen Maiha ya kawo ɗansa, haƙoran yaron farare fat kamar an wanke shinkafa. Na tambayi uban wace dabara ya yi. Ya yi dariya ya ce, "Mu ba mu koya masa komai ba, Malam. Yana ganin mun karya itace mun sa a baki, shi ma ya karya."

Na daɗe ina juya waɗannan amsoshi a raina. Ba lalaci na gani ba. Na ga gaggawar safiya, na ga abin da hannun uba ya iya saye, na ga kunyar sa'anni, na ga tebur a bakin get. Fiye da duka, na ga ido: abin da yaro ya ga babba yana yi. Don haka idan yaro ya zo ajinki da baki marar tsafta, kada ki fara da bulala, kada kuma ki tsayar da shi gaban 'yan'uwansa su yi masa dariya. Ja shi gefe ki tambaye shi yadda safiya take a gidansu. Za ki ji abin da ba a rubuta a littafin kwaleji ba.

Yanzu ga nawa kuskuren.

Ni mutum ne mai aswaki, kin sani. Ba na shiga salla sai na yi, kuma ina alfahari da riƙon wannan sunna. Kina 'yar shekara huɗu kika fara tsayawa gefena a bakin zaure da ɗan guntun reshen darbejiya, kina kwaikwayona. Na ji daɗi ƙwarai, har na kira maƙwabta su gani. Abin da ban lura ba shi ne, ni kaina haƙoran gaba kaɗai nake gogewa, waɗanda mutane ke gani idan na yi murmushi. Sama, ƙasa, in tofar, in mayar da aswaki aljihu. Ke ma haka kika koya, tiryan-tiryan, har da yadda nake karkata kai. Na koya miki share ƙofar gida, ban taɓa nuna miki cewa akwai ɗakuna a ciki ba. Uwata, idan za ki goge baki, ki yi a inda Nusaiba take gani, ki buɗe baki sosai ko da babu kyan gani, ki fara daga ƙarshen layi. Kada kuma ki miƙa mata buroshi ki juya ki tafi hura wuta. Hannun ɗan shekara shida bai iya ɗaure igiyar takalmi da kyau ba, ina zai iya kaiwa lungun baki shi kaɗai?

Na biyu ya fi wannan nauyi, domin daga abin da na fi so ya fito. Ina son waƙa, ina son in ji baitina a bakin yaro. Da na ga kanki yana da riƙo, sai na samo wani tsohon gwangwanin madara na cika shi da alawa, na ɓoye a ƙarƙashin keken ɗinki. Na kafa doka: baiti ɗaya, alawa ɗaya. Bayan la'asar ki zo shago ki tsaya ki rera, in miƙa miki ladanki. Ke kuma ba ki tauna ta ki haɗiye. Sai ki tura ta can cikin kumatunki na dama, ki bar ta tana narkewa a hankali har magariba, wai don kada ta ƙare da wuri. Na riƙa yaba miki da tattali.

Mahaifiyarki ta ce min wata rana, "Malam, wannan yarinya waƙa take koya ko tsotso?"

Na ce, "Ke dai ba ki san darajar baiti ba."

Ta ce, "Na san darajar haƙori, tun da da shi nake cin tuwo."

Na yi dariya na ci gaba da ɗinkina. Daga baya ne aka fahimtar da ni cewa ba yawan zaƙi kaɗai ne ke cin haƙori ba, har da daɗewarsa a baki. Wanda ya sha zaƙi tare da abinci ya kuskure baki ya fi wanda ya wuni yana tsotson ƙwaya ɗaya tsira. Na yi ta mamakin wannan. Ashe tattalin da nake yabo shi ne ɓarnar.

Baitin da na ba ki yana nan a ƙirjinki,
Zaƙin da na ba ki ya bar rami a bakinki.

Za a jarabce ki da irin wannan a aji. Yaro zai karanta harafi daidai, zuciyarki ta ce ki sa masa wani abu mai daɗi a hannu. Ki sa masa alli, ki sa a tafa masa, ki ce shi zai share allo gobe. Kada ki ɗaura ilimi da zaƙi, domin yaro zai girma yana ganin duk abin kirki sai an biya shi da sukari.

Na uku kuwa jahilci ne tsantsa, kuma irin wanda kusan kowa a unguwarmu yake ɗauke da shi har yau. Kina da shekara tara kika fara kama kunci kina kuka. Na leƙa daga nesa, na ga rami a wani turmi. Na ce, "Haƙorin yara ne, zai faɗi wani ya fito." Na sa miki kanumfari, na sa ki kuskura ruwan gishiri mai ɗumi. Ciwo ya lafa, na ce kin gani. Ya dawo, na sake sa kanumfari. Haka muka yi har damina ta wuce. Sai da kuncinki ya kumbura kamar kin ɓoye lemon tsami, mahaifiyarki ta yafa mayafi ta tsaya a ƙofar shago ta ce ko in tashi ko ta tafi ita kaɗai.

Likitar haƙorin da muka samu a asibiti wata mace ce mai gajeriyar magana. Ta haska bakinki, ta dube ni ta saman tabarau.

"Baba, tun yaushe?"

Na ce, "Ai na ɗauka na famfara ne, zai faɗi da kansa."

Ta ce, "To wanne ne ya faɗi kafin wannan ya fito?"

Ban tuna wani ya faɗi a wurin ba.

Ta ce, "Babu. Wannan yana fitowa ne a bayan na yara, wajen shekara shida, ba ya ture kowa. Shi ya sa ba ku ganinsa. Na manya ne. In ya tafi, ya tafi ke nan."

Uwata, shekara goma sha bakwai ke nan ina tunanin wannan hikima ta Mahalicci. Duk haƙorin da ya zo da sanarwa, muna yi masa biki. Na gaba ya yi girgiɗi, gida ya sani. Ya faɗi, a ce yaro ya jefa shi kan rufin ɗaki, a ce ya rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, in ba haka ba sabo ba zai fito ba. Ni da kaina na tsorata ki da wannan, ina nuna miki ƙadangaren katanga ina dariya, ke kuma kina toshe baki da hannu biyu. Ki duba abin mamaki: a daidai shekarun da babban baƙo yake shigowa ta baya ba sallama, a lokacin ne muke koya wa yaro ya ƙulle bakinsa. Ga dasashi yana tsami saboda famfara, yaro yana gudun buroshi, mu kuma mu ce a ƙyale shi, duk za su zube. Na auna kafaɗarki, na auna tsawonki duk shekara, na san awonki ba tare da na duba littafi ba. Ban taɓa zaunar da ke a hasken rana na ce ki buɗe baki in gani ba.

Likita ta ce ba ya gyaruwa, sai cirewa. Da ta ɗauko allura kika miƙo hannu kika kama bakin rigata, kika ce, "Baba, tsaya." Ni kuwa na zare rigata a hankali, na ce zan je in sayo miki ruwa. Ba ruwa na je saye ba. A ƙarƙashin wata bishiya na tsaya a waje, ina jin muryarki ta taga, har aka gama. Mahaifiyarki ce ta riƙe ki. Ba ki taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Amma ina ganin yadda kike karkatar da loma zuwa hagu duk lokacin da muke cin abinci, ina kuma ganin yadda ake miƙo miki rake ki ce kin ƙoshi.

Mai hankali zai ce wanda ya ga wannan ya warke. To ga abin da ya sa na kasa kallon idonki.

Da Nusaiba ta fara magana sosai, kin zo kin durƙusa kin ce, "Baba, don Allah ban da alawa." Na ce to. Na riƙe alkawari wata biyu ko uku. Sai wata rana ta rera min baiti huɗu a jere ba gargada, da irin muryarki ta wancan lokaci, sai hannuna ya tafi ƙarƙashin keke da kansa. Gwangwanin nan dai ne, ban taɓa jefar da shi ba. Na ce mata sirrinmu ne. Shekara biyu muna haka, kina kwaleji, kina dawowa kina goge mata baki safe da dare, kina ganin kin tsare ƙofa, ni kuwa na buɗe taga. Kada ki yi mata faɗa. Ɓoye wa uwa abu ba halinta ba ne, ni na koya mata, kuma wannan laifi ne na daban wanda nake neman gafararsa.

Ranar Lahadi da hantsi ta zo shago in auna ta don yunifom ɗin sabuwar makaranta. Ta rera baitinta ta miƙo hannu.

"Tsoho, biya ni."

Na ce, "Ke mai giɓi, da wane haƙori za ki ci? Ƙofar bakinki akuya ma sai ta shige."

Ta ce, "Ina da sabo a baya, ƙato. Ya fi naka masu jan goro."

Na ce, "Ƙarya kike, nuna min."

Sai da ta waiwaya ta duba katanga ko akwai ƙadangare, sannan ta hangame baki. Na kunna fitilar waya. Ga shi can ƙarshen layi, bai ma gama fitowa daga dasashi ba, fari, mai faɗi, sabo ful. A tsakiyarsa, cikin ɗan kwarin nan, ɗigo kamar ƙwayar riɗi da ta ƙone. Na sa ta kuskure baki na sake dubawa. Yana nan.

Ta ce, "Ka gani? Ya fi naka ko?"

Na ce, "Ya fi nawa, Hajiya."

"To alawata fa?"

Na ce mata gwangwani ya yi tafiya. Ta ce tsoho ya fara rowa, za ta kai ƙarata wurin kakarta.

Ranar Litinin na rufe shago na tafi asibiti ni kaɗai. Wani matashin likita na samu, na yi masa bayani dalla-dalla, har na zana masa a takardar awo. Ya ce ba zai yanke hukunci ba sai ya gani da idonsa. Ya ce yana iya zama tabo ne kawai, yana iya zama farkon rami, kuma idan farko ne ana sharewa a cike, haƙori ya zauna. Ya ce abin da ba ya so shi ne a jira sai ta yi kuka. Ya ce a kawo ta Alhamis da safe. Ban san ko akwai mai duba haƙori a Sorau ba, kuma na san halin sabon wuri: za ki shiga aji, za ki shiga gida, wata zai bi wata. Ban ɗauke ta na kai ta a ɓoye ba, domin ɓoye-ɓoyen ya isa haka, kuma 'yarki ce.

Za ki tarar da gwangwanin a cikin jakarki ta hannu. Na zubar da abin da ke ciki, na wanke shi, na cika shi da aswaki, na yanka su gajeru daidai hannun yaro. Ki kai aji. Ki fara ɗaukar ɗaya ke da kanki a gabansu, domin su ga malama mai takardar shaida ba ta jin kunyar itace. Wanda yake da buroshi da mai ya yi da su, abu ne mai kyau ƙwarai, ɗan kaɗan ya isa. Wanda ba shi da su kada ya zauna haka nan. Na kuma sa miki wannan baiti a ciki:

Na can ciki, kai ne farko, ban manta ba,
Ka zo shiru, ba ka kori kowa ba,
Sama da ƙasa, ciki da waje, ban gaji ba,
In ka tafi, wani ba zai zo ba.

A rera sau huɗu, kowane lungu na baki da nasa. Da na gama tsara shi sai na lura mai aswaki a baki ba ya iya waƙa. Na so in yaga, sai na ga ashe nan amfaninsa yake: dole wani ya tsaya ya rera masa. A aji rabi su rera, rabi su goge, sannan su sauya. A gida kuwa ke za ki rera, ko ubanta, da safe da kuma bayan abincin dare, kuma mai rerawa ba ya juya baya ya tafi.

Idan kin zauna, ina son ki binciko min wasu abubuwa, domin tambayar nan ba ta sake ni ba. Wane itace mutanen Sorau suke karya? Su ma suna tsorata yara da ƙadangare, ko wata dabba gare su? Yaran makiyaya da suka shigo makaranta suka tarar da mai tebur, haƙoransu suna zama yadda suke? Iyaye nawa a ajinki suka san akwai haƙorin da ba shi da magaji? Wannan na ƙarshe kada ki tsaya ga tambaya. Ki gaya musu, ko a bakin rijiya, ko a gidan suna.

Gobe Alhamis da ƙarfe bakwai za ki same ni a zaure, na riga na yi magana da mai keke mai ƙafa uku zai zo ya ɗauke mu. Idan kin ga ya fi ki tafi da mahaifiyarki ku bar ni, ba zan ga laifinki ba, ki wuce ni kawai. Idan kuwa kin yarda in bi ku, na zaɓi babbar rigata mai kauri, wadda ko an ja ba ta yagewa. Nusaiba ta kama duk inda take so. Ke ma, idan kina so, akwai ɗaya gefen. Ruwa kuma na riga na saya, yana cikin aljihu, ba abin da zai fitar da ni.

Allah ya tsare tafiyarki da zamanki, ya tsare bakin Nusaiba da na yaran da aka damƙa miki, ya sa abin da likita zai gani gobe ya zo da sauƙi. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mai sunanki, ya dawo min da ku lafiya kuna dariya da baki a buɗe.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Ɗahiru Tela,
Nassarawo, Mubi.